Duwatsun Damagaram

Mutumin Magariya ko Dungas da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya saba: rairayi, gonakin hatsi da gyaɗa, gawo nan da can. Shi ya sa in mota ta doshi Zinder, manyan duwatsun nan da ke jingine da juna a unguwar Birni sukan ɗauke mini hankali. Ba su da lokacin ziyara. Da damina ruwa kan kwanta a kwarmin dutse, awaki na bin ciyawar da ta tsiro a tsaga; da hunturu hazo ya rufe gari har soron fada ya dushe; da bazara kuwa sai la'asar sakaliya ake iya dafa su. Nakan tuna waɗanda suka riga mu hawa. Sarki Tanimun ya kewaye birnin da ganuwa, Faransawa suka zo a 1899 suka kafa bariki a bisa tudu, suka yi mulki daga nan kafin su koma Yamai a 1926. Kowa da abin da ya hau nema. Mu iska muke zuwa sha, kuma a ganina wannan ma buƙata ce ta gaske ga wanda ya yini cikin hayaniyar kasuwar Dole.