Abin da Yaro Ya Ji An Faɗa a Kansa

A gidan da na tashi, a wani ƙauye kusa da Funtuwa, ba a yabon yaro a kan idonsa. Ba rashin so ba ne, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa a shekarun 1970 ya san haka. Abubuwa ne suka taru suka ɗaure harshen iyaye. Akwai kunya, musamman ga ɗan fari irina. Mahaifiyata ba ta kama sunana, "wannan yaron" take cewa, in kuwa baƙuwa ta tambaye ta lafiyata sai ta sunkuyar da kai ta bar wata ta amsa. Akwai tsoron baki, domin an yarda cewa yaron da aka cika yaba wa ƙiba ko wayo, kambun baka na iya kama shi. Shi ya sa ko maƙwabciya ta yi suɓul da baka ta ce yaro ya yi kyau, sai ta yi maza ta bi da "tubarkalla". Sannan ga gudun kada a fasa wa yaro kai, ya zo ya fi ƙarfin kowa.

Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yabo kaɗai wannan kunyar ta hana. Ba ta hana faɗa ba. "Sakarai", "dolo", "shashasha", duk suna yawo a tsakar gida ba mai tare su. Yaro zai wuni yana ɗebo ruwa ba wanda ya tanka, amma ranar da tulu ya suɓuce masa, har maƙwabta sai sun ji irin sunan da aka raɗa masa.

Ni kuma ga ni da in'ina. A makarantar allo ba ta damuna, domin da zarar mun ɗauki karatu da rauji tare, sai harshena ya sake kamar na kowa. A magana ta yau da kullum ne nake maƙalewa, musamman in zan fara kalma da "b" ko "k". Yara suna kwaikwayona a dandali. Manya kuma, don tausayi, sai su ƙarasa mini maganar, wanda ya fi kwaikwayon yi mini ciwo. Sannu a hankali na koyi ɓuya a bayan rumbu duk lokacin da na ji ana neman yaron aike.

Mutum ɗaya ce a gidan ba ruwanta da wannan kunyar, wato kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya. Tsakanin kaka da jika sai wasa, don haka "maigida" take ce mini, ƙannena mata kuwa kishiyoyinta ne. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ce ta ƙi yarda in ɓuya. In za ta aika wajen mai gyaɗa, ni take kira, ga yara masu zaƙin baki a zaune. Kuma aiken nata ba na miƙa kuɗi a karɓo kaya ba ne, aike ne mai magana a ciki: "Ka ce masa tiya biyu, kuma ta jiya akwai tsakuwa, ya gyara." Kafin in fita sai ta ce in maimaita mata. Ina iya ganinta yanzu, durƙushe gaban turmi tana murza tunkuza da muciya, mai yana tsattsafowa, ba ta ko ɗago kai. Zan maƙale a kan "biyu" har gumi ya keto mini, ita kuwa muciyarta kawai take juyawa. Ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba. Sai na kai ƙarshe da kaina za ta ce, "To, maza."

In na dawo, ba ni take fuskanta ba. Matan gida take faɗa wa, da ƙarfi yadda zan ji: "Maigidana in kika aike shi, saƙo ba ya zubewa a hanya. Yadda kika faɗa haka zai kai." Sai ta cika mini hannu da ƙuli mai zafi.

Na sha juya wannan magana a raina bayan na girma. Iya ba ta ce na iya magana ba. Da ta faɗi haka da na gane lallashi ne, domin yaro ɗan shekara shida ya san inda yake da rauni fiye da kowa. Ta nemo abin da yake gaskiya ne a kaina, wato ba na mantuwa kuma ba na sauya zance, ta faɗe shi a gaban shaidu, ta yi ta maimaitawa har ya zama nawa. A 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, aka jera mu a gaban hedimasta, kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa, sannan ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Layi yana matsowa ina cewa a zuciyata, ni saƙo ba ya zubewa a hannuna. Na maƙale, amma ban gudu ba, na kai sunan ƙarshe.

Mahaifina nasa salon daban ne. Iyakar abin da zai ce mini ido da ido shi ne "Allah ya yi maka albarka", kuma ba kullum ba, sai ranar da muka wuni tsinkar auduga ban yi ƙorafi ba. Wannan kalma tana da nauyi a bakin uba, wanda ya taɓa karɓarta ya sani. Sauran yabonsa a zaure yake yi, wajen abokansa. Wata rana na kawo musu ruwa na ji yana gaya musu cewa ni na lissafa masa kuɗin audugar da ya sayar, kuma ko kwabo ban kuskure ba. Bai san ina bakin ƙofa ba.

Ƙanwata ba ta yi irin sa'ata ba. Tana aji uku wani malami ya ce mata daƙiƙiya a gaban aji saboda ta kasa haddar jadawalin sau. 'Yan aji suka ɗauka, sunan ya biyo ta har gida, kuma Iya ta riga ta rasu. Daga aji shida ba ta ƙara komawa makaranta ba. Yau atamfa da leshi take sayarwa, tana riƙe da bashin mata da yawa a ka ba tare da littafi ba, ta cire riba ta ware kuɗin adashi kafin mai kalkuleta ya gama danne-danne. Amma in ka ce mata ta iya lissafi, sai ta ce, "Yaya, ni ai ba ni da kai." Da gaskiyarta take faɗa. Ya fi shekara arba'in ke nan, kuma duk lokacin da na ji sai raina ya ɓaci.

Bayan na zama malamin firamare na ci karo da binciken da ya yi mini bayanin abin da na gani a gida. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck, a Jami'ar Kolambiya ta Amurka, sun ba 'yan aji biyar wasu tambayoyi, sannan suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira suka fi saurin karaya, wasunsu har ƙarya suka yi game da makinsu. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari suka fi jurewa. A 2014 Eddie Brummelman da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka nuna cewa yaron da ba ya ganin ƙimar kansa, in aka zuzuta zanensa fiye da kima, sai ya koma zaɓar aiki mai sauƙi don kada ya faɗo daga inda aka ɗora shi. Har ga manya ma, Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada ta gano a 2009 cewa masu raina kansu, in aka sa su maimaita cewa su abin so ne, ƙuncinsu ƙaruwa yake yi. Zuciya ba ta karɓar maganar da ta yi nisa da abin da ta sani.

Yanzu jikata 'yar shekara huɗu tana wata makarantar reno a Kaduna, inda kowace safiya ake sa su faɗi da ƙarfi cewa su jarumai ne, suna da ƙoƙari, za su iya. Wasu tsarana suna ƙyamar abin, suna cewa yabon kai jahilci. Ban yarda da su ba. Yarinya 'yar shekara huɗu ba alfahari take yi ba, abin da babba ya sa mata a baki take maimaitawa, kuma ko an so ko an ƙi sai ta maimaita wani abu. Gara wannan da "dolo". Mu da muke karanta yadda Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara 10 tun yana yaro ba tare da an taɓa kyararsa ba, bai kamata tausasa harshe ga yara ya zame mana baƙon abu ba.

Damuwata ɗaya ce: kada a bar kalmar ita kaɗai. In jikata ta ce mini "Kaka, zan iya", sai in ce to, ƙirgo mini ƙwan da ke cikin kwano, ko kai wa mamanki wannan saƙon. In ta yi, sai in faɗi ainihin abin da ta yi: kin ƙirga daidai, ba ki tsallake ko ɗaya ba. In ta kasa, sai mu sake tare.

Haka na riƙa yi a aji. Masu ɗaga murya wajen amsa ba su ne abin dubawa ba, na lungu ne, masu motsa leɓe ba sauti. Irin waɗannan nake ba riƙon alli, ko raba littattafai, ko kai takarda ofishin hedimasta. In yaro ya yi mako yana yi ba kuskure, sai in faɗa a gaban aji, kuma in na haɗu da mahaifinsa a masallaci ko a kasuwa in gaya masa dalla-dalla abin da ɗansa ya yi. Da yawa daga iyayen ba su taɓa jin malami ya tare su da wata magana ba sai ƙara.