Ka Zo Mu Bi Sawun Abubakar Imam

Kufena, Zariya.

Aminina Malam Habu,

Saƙonka ya iso, na ji kana so ka kawo yaran ajinka Zariya a hutun nan, kana tambaya ko akwai abin da za a nuna wa masu son Magana Jari Ce. Haba Malam! Ai garin nan ne ma inda aka haifi littafin. Turawa kan yi takakkiya har Oxford don su ga gidan da marubuci Tolkien ya zauna. Mu kuwa namu gwanin a nan ya yi aikinsa, a nan ya rasu a 1981, amma da wuya ka ji wani ya ce ya zo ganin inda ya taka.

In kun iso, ku sauka wurina. Da sassafe kafin rana ta yi zafi sai mu hau Dutsen Kufena. Ka ce wa yaran su sa takalmin da ba ya santsi, don dutsen sulɓi gare shi, ko da rani. Daga sama za su ga burbushin tsohuwar ganuwa da ake dangantawa da zamanin Sarauniya Amina, ga gonaki shimfiɗe, ga birni can daga gabas. Yaron da ya karanta labaran sarakuna da mayaƙa da aljannu a takarda, in ya tsaya nan iska na kaɗa shi, sai ka ga ya yi tsit. Wusasa kuma ga ta nan gindin dutsen. Nan ne garin John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, don haka tun ba mu yi nisa ba mun shiga zancen.

Daga nan sai wajen Gaskiya da Tudun Wada, kuma nan nake so mu daɗe. Ka tuna yadda abin ya faro. A 1933 East, wanda ke riƙe da hukumar fassara a Zariya, ya zaga yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya aiko da Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya aiko da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Gida ɗaya littafi biyu! East ya ga hannun Imam ya fita daban, ya nemi a ba shi aronsa, ya zo Zariya a 1936 ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. An tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuwa ya narkar da su ya zuba a bakin aku, har yaron Kano ko na Maraɗi ya karanta bai taɓa jin baƙon abu ba. Ni dai har gobe ban ga wanda ya kamo shi a wannan fanni ba. Ɗauki Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja kawai, mutumin da kake jin haushinsa kana kuma ɗokin ya sake ɓullowa.

A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Unguwar ma har yau da sunan ake kiran ta, in ka ce wa mai Keke Napep ya kai ka Gaskiya ba zai tambaye ka kwatance ba. Ina so yaran su tsaya a bakin wurin, mu gaya musu cewa daga nan jarida ke fita ta ratsa Arewa, mai karatu ɗaya ya zauna a zaure ya karanta wa mutum goma. Sai mu gangara Tudun Wada inda Imam ya yi zamansa. In mun yi sa'a muka sami dattijon da ya san shi ido da ido, to wannan hirar ta fi duk abin da ni da kai za mu faɗa, don haka mu riƙe goro a aljihu.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mu da wani tsari na zagayawa da baƙi waɗannan wurare. Sai dai wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba, masu sanin kuwa kullum raguwa suke yi. Shi ya sa zuwanku ya faranta mini rai ƙwarai.

In da sauran kuɗin mota, ku ƙarasa Katsina ku ga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina inda Imam ya yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ita kwalejin ce ta koma Kaduna, daga baya ta dawo Zariya ta zama Barewa, za mu wuce ta ƙofarta. Kagara kuwa, mahaifarsa a 1911, can Jihar Neja, ban ba ka shawarar kai yara yanzu ba saboda halin da hanya ke ciki. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.

Kafin ku taso, sa su karanta labarin Kalala da Kalalatu na cikin Magana Jari Ce, kai kuma ka nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwan Imam Ingila a 1943. Ka sanar da ni yawansu da ranar zuwa don uwargida ta san tuwon da za ta tuƙa. Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
Lawal