Teburin Wurno da Teburin Kano

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana labarin abin da ya same ni sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a Wurno. Kada mai karatu ya zaci Wurnon Sakkwato nake nufi, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake. Wannan tamu ce ta ƙasar Birnin Kudu.

Ban fi kwana 10 da sauka ba sai na lura da waɗansu yara 3 na ajina, in an fita shan iska ba su komowa. Na tambayi monita, ya ce, "Malam, suna rumfar sinuka." Na ɗauki tsumagiya na bi sawu. Ko da na isa sai na tarar da rumfar kara, a ƙarƙashinta ga wani tebur na katako da kafinta ya ƙera, an shimfiɗa masa koren ƙyalle, tsawonsa bai wuce ƙafa 6 ba, an tokare ƙafarsa guda da guntun bulo. Yara na hango ni suka watse. Mai rumfa, wani saurayi sa'ana, ya miƙo mini sanda, ya ce, "Malam, ɗan taɓa mana." To, a nan zan tona asirin kaina: na ajiye tsumagiya na karɓi sanda. Kafin wata ya mutu ba mai ja da ni a rumfar nan, har na soma jin kaina gwani.

Da aka yi hutu na tafi Kano, wani abokina ya kai ni wani babban ɗakin wasa. Gani ya kori ji! Tebur ne ƙafa 12 a tsawo, ƙafa 6 a faɗi, watau zai haɗiye irin namu na Wurno guda 4. Na naɗe hannun riga, na buga sau 7 ban jefa ƙwallo ko ɗaya a rami ba. Dattijon da ke kula da wurin ya dube ni, ya ce, "Ɗana, a ƙaramin tebur ka koya, ko ba haka ba?" Kunya ta rufe ni, na ce, "Haka ne, Baba. Amma me ya sa kuka zaɓi wannan ƙato, alhali wurin zai ɗauki ƙanana da yawa?"

Ya ce shi da awa yake karɓar kuɗi, masu zuwa wurinsa kuwa manya ne masu neman gwada hannu, ba su gaggawa, in ya kawo ƙarami ba za su sake tako ƙofarsa ba. Mai rumfa kuwa kowane wasa da kuɗinsa, saboda haka ribarsa ita ce a gama da wuri wasu su hau. Ya nuna mini kuma cewa ƙarƙashin ƙyallen ba katako ba ne, fallayen dutse ne guda 5 da aka goge suka yi sumul, nauyinsu sai ƙarti. Irin wannan ba a kafa shi bisa turɓaya. Ga shi kuma sanda ta kusa ƙafa 5, dole a bar mata fili ta kowane gefe, don haka sai ɗaki mai ƙafa 22 da 16 ke iya ɗaukarsa.

Maganar dattijo ta gamsar da ni ta wajen mai tebur, amma ba ta gaya mini dalilin da hannuna ya ci amanata ba. Wannan sai da dare na zauna da alƙalami na lissafa. In mutum ya kauce da digiri 1 tak wajen saiti, a nisan ƙafa 3 ƙwallonsa zai baude da wajen sulusi biyu na inci, rami na iya yafe masa. A nisan ƙafa 10 kuwa baudewar ta haura inci 2, faɗin ƙwallon sinuka ke nan ɗungum. Ashe kuskuren yana hannuna tun a Wurno, gajartar tebur ce ta rufa mini asiri, tare da faɗin ramukan da kafinta ya yanka.

Har wa yau na gane abin da yaranmu ke kira sinuka ba shi ne na ainihi ba, ɗan'uwansa ne da ake kira ful. Na ainihin ƙwallo 22 gare shi: jajaye 15, masu launi dabam-dabam 6, da fari guda. Hafsoshin sojan Ingila suka ƙago shi a Jabalfur ta ƙasar Indiya wajen 1875. Joe Davis ya ci gasar duniya ta farko a 1927, bai saki kambin ba sai da ya bari don kansa bayan 1946. Tun 1977 a birnin Shafil ake yin gasar, a 2025 kuwa Zhao Xintong, mutumin Sin, ya cinye ta. Duka bisa babban tebur.

Da na koma Wurno sai Babban Malami ya kira ni ofis, don labarina ya riga ni isa. Ya ce, "Malam, an aike ka kamo ɓarawo, ka kama masa tsani." Ban yi musu ba, gama gaskiya ya faɗa. Yaran nan kuɗin karin kumallonsu suke zubawa a rumfa, ɗayansu ma har ya soma sa kuɗi bisa wasa, wannan kuwa caca ce, ba wani suna gare ta ba. Yaya zan hana su abin da suka ga malaminsu na yi?

Na daina zuwa rumfa. A aji kuwa na zana tebur a allo, na nuna musu yadda ƙwallo in ya bugi gefe yake komowa da kusurwa kusan daidai da wadda ya zo da ita, na sa su auna da kansu. Ranar nan yaran 3 su ne kan gaba wajen ɗaga hannu. Babban Malami bai so wannan dabara ba, yana ganin talla nake yi wa mai rumfa, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Biyu daga cikinsu sun riƙe aji har na gama kwanakina. Na ukun kuwa, ranar da zan taso na hango shi daga cikin mota ya duƙa bisa tebur, ya kanne ido ɗaya yana saiti.