Ma'aunin Gwaninta

A darar Turawa, wato ces, lamba ce ke raba gardamar wane ne gwani. A 1970 hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta rungumi lissafin Arpad Elo, wani malamin kimiyya a Amurka. Cikin sharuɗɗan zama ƙasaitaccen gwani akwai kai wa maki 2500, mai bi masa kuwa 2400. Magnus Carlsen na Norwe ya taɓa 2882 a 2014.

Mu da muka tashi muna kallon dara a Gangare, cikin hunturun Jos, ba mu san lamba ba. Baki ke naɗa gwani, baki ke tuɓe shi.

Abin da ya ja hankalina ga lissafin Elo shi ne ba ya kulle ƙofa. In ka kada wanda ya fi ka, makinka ya hau. In ƙarami ya kada ka, ya sauka. A jami'a kuwa, sau ɗaya ake yanke wa ɗalibi matakin digirinsa, ya yi ta dakonsa har kushewa. Ina ma ana auna mu kamar 'yan dara, kullum da damar ramuwa.