Majami'un da Jirgi Ya Cika

Jirgin ƙasa ne ya cika kujerun Angilika a Kafanchan. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, inda hanyar Fatakwal ke rabuwa zuwa Jos da Kaduna, sai ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarbawa, suka sauka da iyalansu da littafin addu'arsu. A ƙauyukan kewaye kuwa mishan ɗin SIM ya riga ya kafu a Kwoi da Kagoro, Katolika ma na nan, don haka dattawanmu suka daɗe suna yi wa Angilika kallon cocin baƙi.

Kai, amma Lahadin wancan zamani akwai daɗi! Ƙararrawa na bugawa, jirgi na busa daga tasha. Katikis ya tuƙo kekensa tun da asuba, ya karanta addu'a da Hausa ga mutanen da harsunansu suka bambanta, kowa kuma ya amsa da "Amin". Ranar godiyar kaka, doya da citta da dammunan dawa su taru a gaban bagadi, zumuntar mata ta shigo da anko ana kaɗa tulu, maƙwabta Musulmi kuma a aika musu da nasu kwanon shinkafa. Babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Sai aka fara raguwa. Rikicin 1966 ya kwashe Ibo da yawa, reluwe ta durƙushe, tarzomar 1987 da ta 2011 suka raba unguwanni. Duk da haka cocin bai mutu ba: a 1990 Kafanchan ta sami dayosis nata, da Bishop William Diya, daga baya aka fitar da dayosis na Zonkwa da na Kwoi daga cikinsa.

A Ingila ana kulle majami'u don masu zuwa sun ƙare. Mu ma a nan ana barin majami'u, amma namu ya fi ciwo. Mutanen na nan da bangaskiyarsu, hare-hare ne suka kore su daga ƙauyukansu, suka koma yin sujada a cocin gari, inda ba kowa ya san sunan kakansu ba.

Roƙona ga shugabannin dayosis ɗin nan uku shi ne su aika a tattaro littattafan baftisma da na aure daga majami'un da aka bari, tun gara ba ta cinye su ba.