Babi na huɗu ya koma D

Babi na huɗu na furojet ɗina kusan duk hotunan allon kwamfuta ne, shaidar cewa manhajar da na rubuta tana aiki. In ka danna Windows da PrtScn tare, hoton yana faɗawa fodar Screenshots da ke cikin Pictures, wato a C. To, masu gyaranmu ko tari kwamfuta ta yi, C suke fara sharewa. Haka wata 'yar ajinmu ta rasa aikin wata biyu.

Ni dai na kwashe nawa: Properties na fodar, Location, Move, sai D. Shi ma PrtScn, da Windows 11 ta ɗaura wa Snipping Tool, na kunce shi a Accessibility, ƙarƙashin Keyboard. Yanzu kwafa kawai yake yi, in manna a Word.