Gadon da Ba Ya Kasuwa: Neman Ma'adana ga Takardun Gidan Wani Alƙali

Idan malami ya rasu, gida da gona da sutura sukan rabu tsakanin magada, kowa ya ɗauki rabonsa ba tare da dukiyar ta rage daraja ba. Takardu ba haka suke ba. Littafin da aka rubuta da hannu ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a jere, kalmar da marubuci ya aje a ƙasan shafi ita kaɗai ke nuna wanda ke biye da shi. Da zarar an kasa shi uku, kowane kashi ya zama maraya.

Wannan ce matsalar da ta faɗo wa wata malamar makaranta a birnin Zariya, jikar wani tsohon alƙali, sa'ad da rabon gado ya iso kan adaka biyu. A cikinsu akwai littattafan fiƙihu, da waƙoƙin wa'azi da ajami, da wasiƙu, da takardun bashi da na 'yanta bayi. Wasu an rubuta su a kan takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta Sahara. Gara ta riga ta ci gefen wasu, laimar damina ta manne wasu. Baffanta ya ce, "'Yar nan, albarkar gida ba a kai ta ofis." Ta amsa masa, "Baffa, gara ba ta san albarka ba."

Da ta shiga cigiya, sai ta tarar kowace ma'adana da irin abin da ta fi ƙwarewa a kai. Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, wanda Kenneth Dike ya aza harsashinsa a 1954, yana da reshe a Kaduna, inda fayilolin larduna da na En'e suka fi yawa. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Smith, cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Samaru akwai tarin Shirin Binciken Tarihin Arewa, a Sakkwato kuma akwai hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu.

Girman suna bai warware mata komai ba, tambayoyi huɗu ne suka yi. Kyauta za a bayar ko ajiyar amana, wadda iyali ke iya karɓa? Wa zai tsara jerin takardun, tun da takardar da ba ta cikin jeri daidai take da wadda ta ɓata? Wane tanadi aka yi wa laima da ƙwari da gobara? Wa aka yarda ya karanta? Ta ƙarshen ta fi nauyi, domin takardun 'yanci suna ɗauke da sunayen mutanen da jikokinsu ke zaune a unguwa guda da iyalin alƙalin. Abin da manazarci ke kira madogara, ga maƙwabci tonon asiri ne.

Ƙona rubuce-rubucen da aka yi a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu a Janairun 2013 ya nuna cewa ko ma'adana ba ta fi ƙarfin masifa ba. Saboda haka aka fara ɗaukar hoton kowace warƙa bisa jerinta, aka ba kowane ɗaki na magada kwafi. Daga nan suka mayar da tarin wakafi, don kada a sayar ko a kasa shi, suka danƙa shi ajiya ga ɗaya daga cikin cibiyoyin nan da rubutacciyar yarjejeniya. Takardun 'yanci ba za a buɗe su ba sai da izinin iyali. Alƙur'anin alƙalin kuwa ya zauna a gida cikin gafakarsa, domin har yanzu baffan yana tilawa da shi.